Babur Marar Lamba, da Sunan Wa Yake Gudu?

Kwanakin baya, bayan sallar la'asar, wani abu ya faru a bakin titin da ya fita daga unguwarmu zuwa Mokola. Da yawanmu mun ji labarin, wasunmu ma a gabansu aka yi. Wata dattijuwa Bayarabiya mai tallar ayaba tana ƙoƙarin tsallaka titi da faranti a kanta, sai ga wani yaro a kan ƙaramin babur, irin wanda muke kira roba-roba, ya biyo wanwe ya ɗebe ta. Ta faɗi a kan hannunta, ayaba ta watse a kwalta. Shi ma yaron ya yi tangal-tangal, ya dafa ƙasa da ƙafa, ya waiwaya sau ɗaya, sannan ya murɗa totur ya shige lungu. Kafin ka ce kwabo ya ɓace.

Mutanenmu ne suka ɗauke ta, masu canji da masu shayi, suka sa ta a mota zuwa asibiti, aka yi karo-karo aka biya kuɗin magani. Amma da 'ya'yanta suka iso, tambaya ɗaya suka yi: wa ya buge ta? Ba wanda ya iya ba da amsa, domin babur ɗin ba lamba. Abin da shaidu suka iya faɗa kawai shi ne yaro ne dogo, da hula da jallabiya. To a Sabo wane ne ba shi da hula? Kafin magariba, labarin da ke yawo a wancan gefen titi ya tashi daga "wani yaro ya buge Mama" ya koma "Hausawa sun buge Mama". Sai da dattawa suka yi kwana biyu suna safa da marwa kafin ƙura ta lafa. Har yau ba mu sani ba ko yaron ɗan unguwar nan ne, ko ma Bahaushe ne.

Tun daga ranar ake ta muhawara a majalisu, daga teburin mai shayi har ƙofar masallaci: shin ya kamata a matsa wa masu ƙananan babura su yi rajista su sa lamba? Manyan babura na 'yan okada kowa ya san hukuma na bibiyarsu. Waɗanda ake magana a kansu su ne roba-roba da ake aiken yara da ita kasuwa, da tsohuwar Vespa da wasu dattawanmu ke lallaɓawa zuwa Juma'a, da kuma sababbin nan masu caji da muka fara gani sosai tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023. A takarda dai, babur mai inji, ƙarami ne ko babba, in zai hau titin gwamnati sai da rajista da lamba, mai tuƙa shi kuma sai da lasin, lasin kuwa ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba. Amma mun san dokoki nawa ne ke kwance a takarda suna barci. Tambayar da ta fi damunmu ita ce: mutumin da ya hau babur ba lamba, bai buge kowa ba, bai ɗauki na kowa ba, ya dawo gidansa lafiya, shin ya tauye haƙƙin wani, ko kuwa dokar gwamnati kawai ya karya?

Mu fara da masu cewa a ƙyale mutane, domin hujjojinsu ba na wasa ba ne. Wani magidanci ya ce a majalisarmu: "Ni fa Malam, babur ɗin nan daga gida sai shago, daga shago sai makarantar yara. Ban taɓa wuce Dugbe da shi ba. Shekara biyu ina adashi kafin in saye shi. Yanzu kuma a ce in je in zuba wasu dubbai a kan guntun ƙarfe? Lambar ce za ta taka mini birki?" Maganarsa akwai gaskiya a ciki. Lamba ba ta hana haɗari. Babur mai lamba yana karya ƙashi daidai yadda marar lamba ke karyawa. Kuma wanda ke hawa roba-roba galibi shi ne wanda ba shi da halin mota, don haka duk kuɗin da aka ɗora wa ƙaramin babur a wuyan mai ƙaramin ƙarfi yake sauka.

Wani ya ƙara da abin da ya fi wannan ciwo. Ya ce a ƙasar nan kowace sabuwar doka a kan talaka, sabuwar rumfar karɓar kuɗi ce a bakin titi. Ka nuna rasit a ce ina lasin, ka nuna lasin a ce ina inshora, ka nuna inshora a ce ina tikitin yau. Kuma mun san wa ake fara tsayarwa: wanda da ya buɗe baki aka ji Yarabancinsa ya karye. Wannan ba sai an ba mu labari ba.

Sai hujja ta uku, wadda tsofaffinmu suka fi riƙewa. Mu mutane ne da suka gaji tsoron rubuta suna. A zamanin haraji da jangali, duk wanda aka rubuta an san inda za a tatse shi. Ga shi kuma mu baƙi ake ɗaukarmu a nan, ko da an haifi kakanmu a Sabo. Yau a rubuta ka don lamba, wa ya san gobe abin da za a yi da takardar? Bayan haka ɓarawo ai ba ya bin layi a ofishin lasin. In yana son lamba sai ya ciro ta wani ya ɗaura. Ke nan wahalar a kan mai gaskiya za ta ƙare. Daga nan wani matashi ya jefo tambayar da ta sa kowa ya yi shiru: "To Baba, ai mai tafiya a ƙasa ba a manna masa lamba a ƙeya. Mai keke ba lamba, mai baro ba lamba, mai kurar ruwa ba lamba. Me ya sa sai ni?"

A ganinmu amsar gaba ɗaya a cikin wannan tambaya ta yaron take. Mai baro yana iya buge mutum, har ya ji masa ciwo, amma ba zai iya gudu da baro ba. In ya gudu, ya bar jarinsa a wurin. Mai kura ma haka, mai keke kuwa in aka yi ihu wani zai sha gabansa. Abin da ya raba babur da waɗannan abubuwa biyu ne da suka haɗu a jikinsa: yana da ƙarfin da zai illata mutum, yana kuma da saurin da zai tsere wa ihun wanda ya illata. Ku lissafa da kanku. Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cinye mita 11 a kowace daƙiƙa. Kafin mutanen da ke wurin su gama salati, daƙiƙa goma ta wuce, ya yi nisan da ya fi tsawon filin ƙwallon Adamasingba. Nauyin roba-roba kuwa ya kusa buhun masara, ban da wanda ke kai. Kuma in an ninka gudu sau biyu, ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkuwa. Ƙanƙantar babur a idon mai shi take. Wanda aka buge bai ga ƙanƙanta ba. Mai caji ma ya zo da nasa: ba shi da ƙara, sai dai tsoho ko yaro ya ji shi a jikinsa.

Idan haka ne, mece ce lamba? Alkawari ce da mutum ke ɗauka tun kafin ya yi laifi. Yana ce wa duk wanda ya wuce a titi: ban san ka ba, ba ka san ni ba, amma in na yi maka ɓarna ga inda za a same ni. Wanda ya hau babur ba lamba kuwa ya bar wa kansa ƙofar gudu a buɗe, ko da bai yi niyyar bi ta cikinta ba. Kowannenmu zai rantse cewa shi in ya buge mutum zai tsaya. Wataƙila yaron nan ma da an tambaye shi da safe haka zai ce. Amma ba wanda ya san zuciyarsa sai ranar da ya ga mutum kwance, ya ga jama'a sun taso, ya kuma tuna cewa in ya shige lungun can shi ke nan ba mai gane shi. Lamba tana rufe wannan ƙofar tun mutum yana cikin hayyacinsa.

Akwai kuma wata fuska da ba a cika dubawa ba. Me ke sa jama'a su rufar wa mai babur da duka in ya yi haɗari? Fushi ne, i, amma har da sanin cewa in ya kuɓuce ya tafi ke nan har abada. Idan wani ya riga ya ɗauki hoton lamba a waya, mai hankali a cikin taron yana da abin faɗa: ku bar shi, mun san inda za mu same shi. Ba kullum wannan ke aiki ba, amma marar lamba ko wannan ɗan abin ba shi da shi. Saboda haka amsarmu ga tambayar farko ita ce i, ya tauye haƙƙi. Ya ɗora wa kowane mai tafiya a ƙasa haɗarin da in ya auku ba shi da wanda zai bi. Dawowarsa gida lafiya yau sa'a ce, kuma sa'a ba ta goge abin da ya ɗora wa mutane tun da ya fita.

Wannan tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid zai tuna cewa a babin jini da diyya an ɗora wa wanda ke tafe da dabba alhakin abin da ta taka, a kanta yake ko janta yake ko korarta yake daga baya. Malamanmu na fiƙihu sun yi wannan hukunci ne a garuruwan da kowa ya san dokin wane da jakin wane. Hukuncin bai canza ba don doki ya koma inji. Abin da ya canza shi ne gari ya cika, babura dubbai duk kamanninsu ɗaya, kamfani ɗaya, fenti ɗaya. Alhakin da ba a san wanda za a ɗora wa ba, sunansa kawai ya rage. Lamba ita ke sa hukuncin ya sami wanda zai hau kansa.

Mu 'yan Sabo ma ya kamata mu fi kowa gane wannan, domin a kansa aka gina unguwar. Tun da aka kafa ta a 1916, me ya riƙe kasuwancin shanu da goro tsakanin Arewa da ƙasar Yarabawa? Maigida. Falke ya taso daga Kano ko Katsina da shanunsa, bai san kowa a Ibadan ba, kowa bai san shi ba. Sai ya sauka a gidan maigida, dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarabawa bashi, maigida ya tsaya lamuni. In kuɗi ya maƙale, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar nan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 wanda a cikinsa ya yi bayanin wannan tsari. Iyayenmu ba su yarda baƙo ya yi ciniki a gari ba tare da wanda zai amsa sunansa ba, kuma da wannan suka sayi amanar da muke ci har yau. Titi ma wata kasuwa ce da baƙi ke gogayya da juna. Lamba ita ce maigidan mutum a kan titi.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi shafarmu a matsayinmu na mazauna garin wasu. Laifin da ba a gano mai shi ba, ba ya ɓacewa. Yakan nemi wuyan da zai rataya. In ɗan gari ne ya gudu, a ce wani ɗan iska ne. In mai kama da mu ne, sunan ƙabila ake kira. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, balle waken da ba a iya tsince shi ba. Ba mu manta da Shasha ba a watan Fabrairun 2021, inda cacar baki tsakanin mutum biyu ta koma ƙona kasuwa da asarar rayuka. Can Legas kuma, rikicin Mile 12 na watan Maris 2016 daga hatsaniya a kan ɗan okada ya faro. A duk irin wannan, waɗanda ke kwasar asara ba su ne suka fara ba: mai tumatir ne, mai albasa ne, mai gyaran takalmi ne da ke zaune a gefe.

Gwamnatoci ma haka suke yi in sun kasa bambance wane da wane. A watan Mayun 2022 aka kashe wani matashi a Lekki bayan saɓani da 'yan okada a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Cikin kwanaki Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sanar da hana okada a ƙananan hukumomi 6 daga 1 ga watan Yuni, a watan Satumba aka ƙara 4. An kwashe babura an murƙushe su. 'Yan'uwanmu nawa ne da ba su taɓa zuwa Lekki ba suka rasa abincinsu? Kada kuma mu ce ƙabilanci ne kaɗai, domin a gida ma an yi. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana acaba, dubban magidanta suka wayi gari ba sana'a saboda aikin wasu 'yan tsiraru. A nan Jihar Oyo gwamnati ba ta bi hanyar Legas ba, ta zaɓi yi wa 'yan okada rajista da ba su riguna masu shaida. Ko me mutum zai ce a kan yadda ake aiwatar da shi, zaɓin a fili yake: ko a san kowa da sunansa, ko wata rana a yi wa kowa kuɗin goro. Yaron da ke yawo a roba-roba ba lamba yana ganin kansa kawai ya ɗauka a kan babur. Alhali sunan unguwa ya goya a baya, kuma bai nemi izinin kowa ba.

To hujjojin masu cewa a ƙyale mutane fa, sun faɗi ke nan? Ba duka ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Alkawari ai tsakanin ɓangare biyu yake. In mun yarda cewa mai babur yana da nauyin bayyana kansa, to hukuma ma tana da nata nauyin, kuma muna da bakin faɗa mata. Kuɗin rajistar ƙaramin babur ya zama daidai ƙarfin mai shi, a manna farashin a bango inda kowa zai gani, a biya a ba da rasit, a daina barin mutane a hannun 'yan tsakiya da ke ninka kuɗi. Lamba ta fito a kan lokaci, kada mutum ya biya ya yi wata da watanni yana yawo da takardar jira. Wanda takardunsa suka cika a bar shi ya wuce ba tare da an nemi na goro ba, domin ranar da mai takarda da marar takarda suka biya abu ɗaya a shinge, ranar hukuma da kanta ta koya wa mutane cewa takarda ba ta da amfani. Sannan doka ta hau kowa. Rajistar da aka ce ta babura ce muna maraba da ita. Wadda za a ware ta ga 'yan Arewa kawai wannan wani abu ne daban, kuma shugabanninmu su ƙi ta da babbar murya.

Game da tsoron rubuta suna, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wanda ya yi rajistar layin waya, ya yi katin ɗan ƙasa, ya buɗe asusun banki, an riga an rubuta shi har da zanen yatsunsa. Lambar babur ba ta ƙara wa hukuma sanin komai a kansa sai abu ɗaya: wannan babur nasa ne. Wannan kuwa shi ya fi amfanar mai shi. Ku tambayi wanda aka taɓa sace wa babur a ƙofar masallaci, ya je caji ofis aka ce ya kawo lambar shasi da ta inji, ya tsaya yana sosa ƙeya. Ku tambayi wanda ya sayi na hannu a araha ba takardar canjin mallaka, daga baya aka zo aka ce na sata ne, ya rasa babur ya rasa kuɗi, ya kuma kwana a bayan kanta. Gaskiya ne ɓarawo na iya ɗaura lambar bogi. Amma a garin da kowa ke da lamba, sai ya sha wahalar ƙirƙira, kuma ana iya kama ƙaryar. A garin da rabin babura ba lamba, ba ya buƙatar yin komai, mu ne muka ba shi duhun da zai ɓuya a ciki.

Maganar kuɗi kuma, tare da lamba akwai inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. A farashin da hukumar inshora ta ƙasa ta sa daga Janairun 2023, ta babur naira 3,000 ce a shekara. Da yawanmu mun fi kashe haka a kati cikin wata guda. Dabarar ma ba sabuwa ba ce a wurinmu: a shari'a diyyar kisan kuskure ba a bar wa mutum shi kaɗai, dangi ke tarayya su biya, don kada wanda aka yi wa asara ya tashi a tutar babu saboda mai laifin talaka ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai ta takaful, sai ya tambayi malamai ya nema.

Sai dai mu kiyayi bin doka irin na ganin ido. Manyanmu za su tuna watan Janairun 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta hular kwano, wasu 'yan acaba suka riƙa kifa ƙwarya da tukunya a ka. An yi dariya har a ƙasashen waje, amma ƙwarya ba ta taɓa tare wa kowa kwalta ba. Irin wannan wayon muna ganinsa a lamba: wani ya lanƙwasa ta sama, wani ya shafe ta da baƙin mai, wani ya rufe ta da hoton malaminsa, wani ya sa ta a ƙarƙashin kujera sai ya hango shinge ya fito da ita. Duk wanda ya yi haka ya nuna bai gane don wa aka yi lambar ba. Ɗan sanda ai zai iya tsayar da kai ya duba takarda. Wadda ke buƙatar lamba a fili ita ce tsohuwar da ke kwance a kwalta, wadda ba ta da ikon tsayar da kowa.

Saura tambayar inda za a ja layi, musamman ga masu caji. A ganinmu ma'aunin ba fetur ba ne ko batir, ba kuma haya ba ce ko hawan kai. Ma'aunin shi ne waɗancan abubuwa biyu: zai iya illatawa, zai iya tserewa? A ƙasashen Tarayyar Turai, keken da ke da ɗan injin taimako wanda bai wuce wat 250 ba, wanda sai ana taka feda yake aiki, kuma yake yanke taimako a gudun kilomita 25 a awa, keke ake ɗaukarsa, ba ruwansa da lamba. Faransa kuwa ta daɗe tana barin ƙananan babura masu inji ba lamba, daga baya ta tilasta wa sababbi a 2004, ta haɗa da tsofaffi a 2011. Ba don Turawa sun yi za mu yi ba, amma layin nasu yana da ma'ana. Keken yaro mai ɗan batir a bar shi a matsayin keke. Mai cajin da ke goya mutum biyu ya yi tsere da Micra a hawan Mokola kuwa babur ne, ko da ba ya hayaƙi.

Mene ne namu a ciki, ba sai mun jira gwamnati ba? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai sayar da babur a unguwa ya ba da cikakken rasit mai lambar shasi da ta inji, ya kuma nuna wa mai saye hanyar ofishin lasin. Alhajin da ke sayen babura yana ba yara suna kawo masa balas ya yi musu rajista kafin ya miƙa makulli, domin shi ke cin riba, bai kamata unguwa ta ɗauki asara ba. Uba ya daina ba ɗan shekara goma sha uku makulli don a sayo masa ƙanƙara. Ƙungiyoyinmu su tara masu babura su je ofis a tare, da wanda ya iya Yarabanci da Turanci a gaba, domin mutum talatin ba a yi musu cuwa-cuwar da ake yi wa mutum ɗaya. Wanda kuɗin ya yi wa nauyi a yi masa adashi, kamar yadda ake yi wa mai aure da mai suna. Fadar Sarki da masu unguwanni kuma su riƙe nasu littafin, kamar yadda iyayengiji na da suka san duk baƙon da ya kwana a gidajensu.

Mama mai ayaba ta koma bakin titinta, hannun dai bai gama miƙewa ba, jikarta ce ke ɗaukar mata faranti. Tana amsa gaisuwar mutanenmu, har takan ƙara wa masu shayi ayaba ɗaya gyara. Amma wanda ya buge ta bai taɓa zuwa ya ce mata sannu ba, kuma ba mai iya kawo shi. In ɗan unguwar nan ne, in kuma wannan mujalla ta shiga hannunsa, ya sani ƙofa a buɗe take, dattawa za su raka shi, ba wanda zai taɓa shi. Mu kuma sauran, kafin mu ta da babur gobe da safe, mu zagaya bayansa mu duba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare mu da ɗaukar alhakin wani.